Ku Tambayi Inna: Maigidana Kamar Wutar Kara Yake

Tambaya

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a Tawa, shekarata 11 a ɗakin mijina, ƴaƴanmu uku. Maigidana tela ne, kuma duk unguwa an san hannunsa na da kyau. Amma Inna, zuciyarsa a kusa take, kamar wutar kara, yanzu ta kama yanzu ta mutu. Ana gab da Sallar Layya wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta tarar ko yanka shaddar bai yi ba, ya manta da ita ƙarƙashin tulin kaya. Ta ce masa "kai dai ba ka da alkawari" a gaban yaran shago. Nan take ya yi jifa da almakashi ya bugi bango, ya watso mata shaddarta da kuɗinta waje, ya rufe shago. Da ya shigo gida na ce lafiya, sai ya buga salularsa da ƙasa. Ban gama tsince gilashin ba sai ga shi yana tambayata ko akwai sauran fura, yana yi wa auta wasa kamar ba shi ba. Cikin dare kuma na ji shi yana kuka, yana cewa shi ba mutumin kirki ba ne.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma ya taɓa furta mini saki ɗaya a kan makullin babur da shi da kansa ya bari a aljihun wata riga, kuma kafin la'asar yana gidanmu yana biko. Yanzu babban ɗanmu mai shekara 9 ya kwaso halin. Mushe, wato malaminsu na boko, ya kira ni lakwal ya ce ba ya zama wuri ɗaya, ba ya ƙare aiki, idan aka yi masa dariya sai ya yage kayensa na rubutu. Uwar mijina ta ce haka ubansa yake tun yana ƙarami, gado ne. An yi rubutu an sha, an yi ruƙiya, shiru. Ƙanena mai karatun jinya ya ce wataƙila wata lalura ce da ake kira TDAH. Inna, iska ce, ko taɓin hankali, ko mugun hali kawai?

Wata mai karatu, daga Tawa

Amsa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara miki haƙuri, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, sai likita ya zauna da mutum. Amma na daɗe ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Yamai, kuma zan gaya miki abin da ya ja hankalina a takardarki. Almakashin bai dame ni sosai ba, masu jifa da kaya suna da yawa. Shaddar da aka manta da ita, makullin da ke aljihun riga, da furar nan da ya nema tun ba ki gama shara ba, su suka sa na sake karantawa. Mugu ba ya hucewa da wuri haka, riƙo yake yi, ya kwana yana ƙulla yadda zai rama. Naki kuwa ya hau da sauri, ya sauko da sauri, ya kwana yana kunya, ga mantuwa, ga uwarsa na shaidar cewa tun yarinta ne. Idan waɗannan suka taru a kan mutum ɗaya, maganar ƙanenki ba ta jefarwa ba ce.

Lalurar da masu Faransanci ke kira TDAH, masu Ingilishi ADHD, lalura ce ta ƙarancin natsuwa, yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Ƙididdigar duniya ta nuna wajen yara 5 cikin 100 na da ita, manya kuwa wajen 2 zuwa 3 cikin 100. Ki duba ajin ɗanki: idan su 60 ne, da wuya ya zama shi kaɗai. Mu dai sunaye muke raba musu, wannan mai ƙiriniya, wancan mai kunnen ƙashi, wancan mai rawar kai, shi ya sa ake ganin kamar ciwon ƴaƴan Turawa ne.

Abin da mutane ba su cika sani ba, har da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne saurin fushi na tafiya tare da ita. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yaran da ba sa iya natsuwa, ya kuma ambaci zafin zuciyarsu. Amma da likitocin Amurka suka tsara ƙa'idojin gane lalurar a 1980, sai suka tsaya kan abin da ake iya ƙirgawa: mantuwa, motsi, katse magana. Zuciya aka bar ta a gefe. Har a ƙa'idojin 2013 fushi da gajen haƙuri suna cikin abubuwan da ke rakiyar lalurar ne kawai, ba cikin sharuɗɗanta ba. Wani masani Ba'amurke, Russell Barkley, ya shafe shekaru yana cewa wannan kuskure ne, kuma ina bayansa, domin ban taɓa ganin auren da ya mutu a kan ɓatan makulli ba, a kan abin da aka faɗa bayan ɓatan ne yake mutuwa. A 2014 Philip Shaw da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi, suka ga kashi 25 zuwa 45 cikin 100 na yara masu lalurar, da kashi 30 zuwa 70 na manya, suna fama da kasa riƙe motsin zuciya. Ba duka ba, amma da yawa.

Ga yadda abin yake. Duk wanda aka ce masa ba shi da alkawari a gaban yaransa zai ji zafi, ni ma zan ji. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, mai tayar da jiki idan an taɓa mutum: zuciya ta buga, jini ya hau kai. Sai sashen gaba, wanda ke bayan goshi, ya ce dakata, matar nan ta daɗe tana kawo ɗinki, yara na kallo, Sallah ta matso. Wannan dakatawar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, amma a cikinta mutum ke haɗiye magana. Ga mai wannan lalura, saƙon sashen gaba kan iso a makare, bayan almakashi ya riga ya bar hannu. Sinadaran da ke ɗaukar saƙo a wannan sashe, dofamin da noradirenalin, ba sa aiki daidai yadda ake so. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwar yara da aka fitar a 2007 ya nuna ɓawon ƙwaƙwalwar masu lalurar na jinkirin girma da wajen shekara 3, kuma jinkirin ya fi yawa a sashen gaban nan. Saboda haka ɗanki mai shekara 9, wajen riƙe zuciya, kada ki auna shi da sa'o'insa, ki sassauta ma'aunin.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta ɗauka a hoto. Mutumin da tun yana ɗan lakwal ake ce masa sakarai, maras ji, wanda ya sha bulalar mushe da ta malamin allo da ta gida, ya girma da miki a wurin. Matar nan magana ɗaya ta faɗa, shi kuwa ya ji muryar duk waɗanda suka taɓa faɗa masa ita. Kukan dare daga nan yake. Ina kuma kyautata zaton idan farin ciki ya zo masa haka yake zuwa, ya cika gida da dariya, ya yi kyautar da ta fi ƙarfin aljihunsa. Ƙofa ɗaya ce duka suke fitowa.

Surukarki ta yi gaskiya da ta ce gado ne. Binciken tagwaye ya nuna wajen kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan lalura daga gado yake. Inda nake rabuwa da tsofaffinmu shi ne idan sun ce "gado ne" suna nufin a naɗe hannu. Hawan jini ma ana gadonsa, ba a fasa zuwa likita ba.

Batun iska, ba ni da faɗa da rubutu ko addu'a, Allah ne mai warkarwa. Amma abin da ya bi uba ya bi ɗa, yake tashi lokacin da aka kunyata mutum ko ya kwana bai yi barci ba, yana da bayani a fili. Ba hauka ba ce kuma: ya san inda yake, ya san abin da ya yi, shi ya sa yake nadama. Duk da haka akwai abubuwan da ke kama da ita da ya kamata likita ya tantance. Akwai lalurar da mutum ke shafe kwanaki, har mako ko fiye, yana cikin zumuɗi, ba barci ba gajiya, yana ɓarnar kuɗi, daga baya ya faɗa baƙin ciki mai tsawo. Maganinta daban ne. Akwai ciwon maƙoƙo mai sa zafin rai da rawar hannu da rama. Akwai kuma tramol. Kada ki ji haushina, dole in tambaya, domin mun san yadda ƙwayar nan ta shiga shagunan ɗinki da tashoshin kabu-kabu, ana sha don a kwana ana aiki. Masu TDAH sun fi saurin faɗawa shaye-shaye, kuma tramol na ƙara zafin rai, yana kawo farfaɗiya.

To me za a yi? Ki fara da daina ce masa "yi haƙuri" lokacin da ya hau dokin zuciya. A wannan lokaci kunnensa a toshe yake, kowace kalma ƙarin zuga ce, har tambayar "lafiya?" da kika yi. Ki lura da abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar game da fushi: wanda ke tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, ya yi shiru, ya nemi tsari daga Shaiɗan, an kuma ruwaito yin alwala. Kusan duka umarni ne ga jiki da baki, abin da mutum zai iya yi ko da zuciyarsa na tafasa. Masu ilimin halayya a yau kusan abin da suke koyarwa ke nan: bar wurin, rufe baki, sa ruwa a fuska, ja numfashi a hankali, a ba sashen gaba lokaci ya iso. Sai dai ba a koyon wannan a tsakiyar faɗa. Ku zauna ranar da yake cikin walwala, bayan ya ci ya ƙoshi, ku ƙulla yarjejeniya. Ya faɗa miki abin da yake fara ji, wasu kunnuwansu ke zafi, wasu muƙamuƙi ke ɗaurewa. Da ya ji alamar, ya ɗauki buta ya fita, ba sallama ba bayani, ke kuma kada ki bi shi da magana, kada ki ɗauka raini ne. Idan ya dawo, a yi maganar. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne kariyarki, don kada fita ta zama hanyar gudun kowace magana.

Sannan a rage abin da ke jawo faɗan tun daga tushe, wato mantuwa. Kaye ɗaya a shago: sunan mai kaya, ranar kawowa, ranar karɓa, kuɗin da aka bayar. Kada shi ya riƙe kayen, zai ɓata, a ba yaron shagon da ya fi natsuwa, kowace safiya ya karanta masa na yau. Ya yanke adadin ɗinkin da zai karɓa kafin Sallah, idan ya cika yaron ne zai ce an rufe, domin irinsu ba su iya cewa a'a, suna karɓa da zuciya ɗaya su kasa cikawa. Ƙusa ɗaya a bakin ƙofa don makulli. Barci kuwa shi ne babba. Tela mai kwana uku a kan keke yana kora shayi mai ɗaci har asuba, a zafin Tawa na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ko lafiyayye ne sai ya fashe.

Maganar saki ta malamai ce, su za su faɗa muku hukuncin wanda ya wuce. Nawa dai shi ne ya ɗaukar wa kansa alkawari, a gaban wani babba da yake jin nauyinsa, cewa kalmar nan ba za ta fita bakinsa ba sai ya kwana ya tashi a kanta. Igiya biyu ta rage muku, ba abin wasa ba ne.

Kuma ki ji wannan da kyau, ɗiyata. Lalura tana bayyana dalili, ba ta biyan bashi. Matar nan mai shadda tana bin sa ban haƙuri, ya taka har gidanta. Salular da ya fasa, daga aljihunsa za a sayi wata. Ke ma kina bin sa, don shi ya huce cikin minti goma ya bar ki da ɗacin har kwana biyu, kuma ya kamata ya san haka daga bakinki. Ba aikinki ba ne ki zama mai gadin zuciyarsa, kina tafiya a kan yatsu a gidanki. Idan wata rana jifa ya koma kanki ko kan yara, ki tafi gida, manya su shiga, kada wani ya rufe miki baki da sunan ciwo.

Shi kuwa yaro, a ajiye bulala. Na san za a ce Inna ta zama Baturiya. To an gwada bulalar a kan ubansa shekara da shekaru, ga sakamakon a ɗakinki. Wani nazari na 2016 da ya haɗa bayanan yara fiye da 160,000 ya nuna duka na tafiya da ƙarin faɗa da taurin kai, ba raguwarsu ba. Idan ya tashi, a janye shi gefe ba tsawa, sai ya huce a ce masa: ka ji haushi da suka yi maka dariya, haushi ba laifi ba ne, yaga kaye laifi ne, zo ka liƙe shi. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kina kallon idonsa. Ranar da ya haɗiye fushi ko sau ɗaya ne, ki yaba masa nan take, kada ki bari sai dare. Ki roƙi mushe ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga, ya riƙa aikensa goge allo ko ɗebo alli, don ya sami dalilin tashi ba tare da laifi ba. A duba masa ido da kunne kuma, yaron da ba ya jin mushe sosai ma ba ya zama.

Ku fara daga likitar unguwa, su tura ku babban asibitin jiha, ku nemi mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ta kama a zo Yamai, babban asibitin ƙasa na da wannan sashe. Tafiya ce ta fiye da kilomita 500, don haka ku zo da shiri. Ba a gane lalurar da gwajin jini ko hoto, da tarihi ake gane ta: alamun sun fara kafin shekara 12, sun wuce wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, suna kuma ɓata rayuwa. Ku riƙo takardun sakamakon yaro da ɗan rubutu daga mushe. Ku tafi da surukarki idan da hali, ita ce ta san yarintar ɗanta. Ku faɗi maganar fushin da bakinku ko ba a tambaya ba.

Magani akwai. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidat, da ake sayarwa da suna Ritalin da wasu sunaye, sai atomoksetin. Suna taimaka wa natsuwa sosai, suna rage saurin fushi daidai gwargwado, ba sa kawar da shi duka. Metilfenidat na cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran ƙa'idoji, yana iya rage cin abinci, ya hana barci, ya ɗaga bugun zuciya, don haka sai da takardar likita da bibiya. Duk wanda ya miƙo muku ƙwayar "kwantar da hankali" daga tebur ko daga kan keke, ku mayar masa da abarsa.

Tambaya

Inna, ni ɗaliba ce a jami'a a nan Yamai, shekarata 22. Ni ba na faɗa da kowa. Amma idan ƙawata ta ga saƙona a WhatsApp ba ta amsa ba, sai in wuni ina kuka, in ga kamar kowa ya tsane ni. Malami ya gyara mini kuskure kaɗan a aji, na yi mako ban koma ba. Tun ina ƙarama ake ce mini mai dogon tunani, ina zaune a aji hankalina na wani wuri, ba na fara karatu sai daren jarrabawa. Na ga wani bidiyo a TikTok da ya faɗi duk halina. Ina da TDAH ke nan?

Wata ɗaliba, daga Yamai

Amsa

Ɗiyata, bidiyon minti ɗaya an yi shi ne don kowa ya ga kansa a ciki, don haka kada ki yanke wa kanki hukunci da shi. Amma tambayarki na kan hanya. Akwai nau'in lalurar da ba ya zuwa da tsalle-tsalle, sai shagala da mantuwa, kuma an fi ganinsa ga mata. A yara, ana gano maza wajen biyu kafin a gano mace ɗaya, wani ɓangare na dalilin shi ne yarinya mai shiru ba ta damun kowa. A wajenmu ma yabonta ake yi, a ce mai kunya ce. Abin da telan Tawa ke watsarwa waje, ke cikinki kike mayar da shi. Wani likita Ba'amurke, William Dodson, ya yaɗa maganar wannan matsanancin jin zafin ƙi ko suka ga masu lalurar. Ba a sa shi cikin jerin cututtuka a hukumance ba, amma masu fama da shi sun san ba ƙarya ba ne.

Sai dai ciwon damuwa da ciwon fargaba ma suna kawo irin wannan kuka, kuma sau da yawa suna haɗuwa da TDAH a mutum ɗaya. Abin da zai taimaki likita ya bambance shi ne rubutu. Ki ɗauki wata biyu kina rubuta ranar da abin ya tashi, me ya tayar da shi, awa nawa ya ɗauka, barcin da kika yi daren jiya, da inda kike a kwanakin al'adarki, domin mata da yawa abin ya fi tsananta musu gab da zuwanta. Idan yana tashi da dalili ya sauka cikin awoyi, wannan hoto ɗaya ne. Idan baƙin cikin ya zauna mako biyu ko fiye ba sauka, abinci ba daɗi, komai ya fita ranki, wannan wani hoton ne. Idan kuwa tunanin mutuwa ko cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki bar rubutun, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi yau, ku tafi asibiti tare.

Kafin nan, doka ɗaya: lokacin da zuciyarki ke cewa an tsane ki, kada ki tura saƙo, kada ki toshe lambar kowa, kada ki fita daga zauren ajinku. Ki ba wata ƙawa salularki ta riƙe miki har bayan sallar da ke tafe. Ajin malamin nan kuma ki koma ranar Litinin, ki nemi ƙawa ɗaya ta biyo miki ku shiga tare, ki tambaye ta darussan makon da kika rasa.